Tamanin da Takwas a Lissafi

Zuwa ga 'yata, malamar asibiti,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na sansanin madatsar ruwa. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da gwiwar nan da ta rantse ba za ta bar ni in hau bene cikin mutunci ba. Maganin hawan jini ina sha, kada ki fara. Kunne kuwa yana nan yadda kika bar shi. Shi ya sa na ce ki daina hawa tudu neman sabis don ki kira ni. Ke kina ihu, ni ina "iye?", mai waldan da ke ƙasanmu yana ta ƙyaƙyata dariya. Takarda ta fi mana rufin asiri. Direban motar maganinku ya ce duk shigowar da zai yi gari zai biyo ta nan.

To, ga labari. Sakamakon mutuniyar, 'yarki, ya fito.

Kin san ajin da take hari, wanda ake haɗa lissafi da fiziks a digiri ɗaya, yara suna ce masa ajin zaɓaɓɓu. Ba a shigarsa kai tsaye, sai an gama shekarar farko a tankaɗe a rairaye. Sharaɗinsu biyu ne. Idan aka haɗa makin darussan aka raba, kada ya gaza saba'in da biyar. Sannan kada darasi ko ɗaya ya yi ƙasa da saba'in. Na farkon ta tsallake shi har da rara. Fiziks na aji, saba'in da tara. Lissafi kuwa, gyara zama, tamanin da takwas! Kin tuna ranar da kika kawo ta gidan nan kina cewa lissafi ne zai kayar da ita, na ce ki kwantar da hankalinki, na sami wanda zai yi mana maganinsa? To, ya yi mana, Allah Ya saka masa da alheri.

Matsalar tana darasin ɗakin gwaji. Sittin da takwas. Maki biyu kacal suka hana ruwa gudu. Na karanta rahotanninta da idona. Akwai ranar da aka ba ta ma'aunin lantarki mai ciwo, ta rubuta abin da allurar ta nuna mata, ta ƙara da cewa tana zargin na'urar. Sauran yara suka kwafo lambobin littafi suka huta. Mai dubawa ya ga nata sun saɓa, ya zabge ta. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da kimiyya a sakandare, na san zalunci in na gan shi.

Dokarsu ta ba ɗalibi dama ya nemi a sake duba masa takarda kafin a rufe shiga ajin. Sai dai in an nema, duk takardunsa na zangon ake zazzagowa, ba guda ɗaya ba. Ni ban ga abin tsoro a nan ba. Ita ce ta kafe, wai ba za ta nema ba sai da yawun uwarta. Ki aiko da amsa ta hannun direba, lokaci ba ya jira.

Naki,
Kawu

*

Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da mahaifi. Yaya gwiwa? Ka ce kana shan magani, ban ji ka ambaci gishiri ba, kuma na san halinka. Mu nan ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, zazzaɓi ya kwantar da rabin leburori, gadajenmu duk sun cika har da na baranda. Ni dai lafiyata lau, sai gajiya.

Na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Abokan aiki suna ta yi mini barka, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Kawu, ni na haifi yarinyar nan. Ni na zauna da ita tana kuka a kan lissafi har hawaye ya jiƙa littafin. Da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake shi a sakandare. Yau kuma a ce tamanin da takwas, a jami'a, inda 'ya'yan malamai ma suke faɗuwa? Ruwa ba ya tsami banza.

Ka yafe mini, amma sai na tambaya. Wane ne wannan mutumin da ya yi mana maganin lissafi? Wane irin magani ya yi? Aikina ke nan, na san akwai maganin da ke warkar da ciwo, akwai wanda ke lulluɓe shi kawai. A nan akwai wani injiniya, mutumin kirki, ɗansa yana shekarar ƙarshe aka gano makin da aka gyara masa tun shekarar farko. Aka kore shi, aka liƙa sunansa a allon sanarwa. Uban har yau ba ya cin abinci tare da mutane.

Ban ce ka yi wani abu ba. Na san son da kake yi mata, shi ne ma abin da ke ba ni tsoro. Tun rasuwar mahaifinta kai ne uba kai ne kaka, kuma mai so ba ya ganin rami.

Don Allah kada a taɓa takardun nan. Tunda ka ce duka ake zazzagowa, a bar kaza cikin gashinta. In ajin bai samu ba, ba ƙarshen duniya ba ne. Makin da take da shi ya isa ta koma sashen haɗa magunguna, tana gamawa aiki na jiranta.

Ka gaishe ta. Ka ce ta riƙa cin abinci.

'Yarka

*

Malamar asibiti,

Saƙonki ya iso, muna lafiya. Gishiri na rage, tunda shi ne damuwarki.

Na gane inda wasiƙarki ta dosa. Kin yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofa a gidan da ta sani, sai a layin ƙarshe kika sauka: sashen haɗa magunguna. Dama can kike so ta je tun farko. Ni na hana, kika yi shiru, ashe ba haƙura kika yi ba, jira kike ta yi tuntuɓe. Yanzu maki biyu sun zo miki kamar faɗuwa da ta zo daidai da zama. Sauran maganganun duk ado ne.

In kuwa ba ado ba ne, to kin zage ni. Na koyar da yara har gashina ya yi fari, ban taɓa ƙara wa ɗan kowa rabin maki ba, har da ɗan shugaban makarantarmu. Tambayarki ba ta cancanci amsa ba, amma zan ba ki don kada ki ce na ɓoye.

Dogo ne. Tsohon ɗalibina, wanda ya taɓa ƙona mini labulen ɗakin gwaji. Yanzu ƙaramin malami ne a sashen lissafi na jami'ar. Duk ranar hutu yana zuwa da babur ɗinsa, ya jingine shi gaban kemis ɗin da ke kallon gidanmu, ya hau. Na cire ƙofar tsohon kabad na shafa mata baƙin fenti na rataye a baranda, nan suke aikinsu. Kuma ba ƙaramin mutum na samo mata ba, don yana cikin masu duba takardun 'yan shekarar farko. Ya san abin da ake nema ciki da waje.

Ban nuna mata wasiƙarki ba. Na ce mata kina tunani. Kullum in ta dawo sai ta leƙa kan firij inda nake ajiye saƙo, ta ce, "Kawu, direba bai zo ba?" In ce bai zo ba. Tsoho da ni kin mai da ni maƙaryaci.

Bari in faɗa miki abin da nake gani. Tsoro kike ji ta yi karatun da ba ki san kansa ba, ta kuɓuce miki. In ta haɗa magani kya iya duba aikinta, ki ce nan daidai, nan kuskure. Wannan kuwa ba ki da ta cewa. Ki yi wa Allah ki sake ta. Layi ɗaya ya isa: "A nema."

Kawu

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya, kai da yarinyar. Allah Ya huci zuciyarka, amma ka karanta ni a baibai. Ko share titi ta ce za ta yi, in dai da gaskiyarta, ni mai sa albarka ce. Maganar magunguna na kawo ta ne don in sama mata wurin faɗuwa mai taushi.

Kai kuma ka sake karanta abin da ka rubuta. Mutumin da ke zuwa gidanka yana koya mata, shi ne kuma yake duba takardunsu. Ka rubuta shi da alfahari, ni kuwa tsoro ya ba ni. Na yarda kai ba ka roƙe shi komai ba. To shi fa? Yaron da ka rena, yana ganin girmanka, ga takardar jikarka a gabansa, ga jan biro a hannunsa. Ko ba a ce masa komai ba, kunya kaɗai ta isa ta sa shida ta zama takwas. Kuma ka tabbata abin da suke yi a allon barandar ba tambayoyin jarrabawar ba ne? Kai kana ciki kana sauraron rediyo da kunnen da ba ya ji.

Ga abin da na yi, ban ɓoye maka ba. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa yana da suruki a ofishin jarrabawa na jami'ar. Na roƙe shi ya sa surukin ya leƙa takardar lissafin a asirce, ya ga ko makin ya yi daidai da abin da ta rubuta, ya ga kuma wa ya duba ta. Likita ya ce abu ne mai sauƙi, ba wanda zai ji. Shi yana da wayar ofis da ke kamawa, har ya kira shi. In ta fito da tsabta, wallahi ni da kaina zan ce a nema, in kuma ba ka haƙuri har ka gaji. In akwai datti, gara mu sani mu kaɗai, mu janye ta a hankali kafin duniya ta ji.

Kada ka faɗa mata. Ka ƙara haƙuri kaɗan.

Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi. Direba ya ce zai gwada zagayawa ta bayan dutse, ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

'Yarka

*

'Yata,

Shiru ya yi yawa. Direba bai zo ba, na ji a rediyo ruwa ya yi ɓarna a wajenku. Allah Ya sa lafiya. Wannan zan kai ta ofishinku na cikin gari, duk motar da ta fara tafiya ta tafi da ita. Maganganun da na faɗa miki a wasiƙar baya a ajiye su gefe, yau babbar magana ce.

An riƙe sakamakon mutuniyar.

Ran nan da azahar na ji mai walda yana buga ƙofa. Ya ce in sauko, jikata tana zaune a matakala ta ƙi motsi. Na same ta da jaka a cinya, ba kuka take ba, ido kawai ta zuba wa bango. Da ƙyar ta miƙo mini takarda. Wai an kai ƙorafi ofishin jarrabawa a kan makinta na lissafi da alaƙarta da wani malami. Za a zaunar da kwamiti. Kafin nan sakamakonta a daskare yake, kuma mai daskararren sakamako ba ya neman a sake duba masa komai. Ga ranar rufe shiga ajin tana matsowa.

Dogo ma an dakatar da shi, ba aji ba duba takarda. Yaron da bana ake shirin tabbatar masa da aiki, matarsa ga tsohon ciki. Ya zo har gida, bai hau ba, daga kan babur ya ce, "Malam, wa na yi wa laifi?"

Amma na san wanda ya yi. Mai Kemis ne. Ɗansa ajinsu ɗaya, shi ma ajin zaɓaɓɓun yake nema, makinsa a bakin gaɓa yake, kujerun kuma ba su da yawa. In an cire ta, ɗansa ya matsa gaba. Wa yake ganin babur ɗin Dogo duk ranar hutu? Wa ya taɓa ce mini, yana murmushin nan nasa, "Malam, ku kam kun dace, malami har gida"? Biri ya yi kama da mutum.

Ban iya haɗiyewa ba. Na tsallaka titi da sandata, shagon cike da mutane, na ce masa munafuki, mai haƙa wa 'yar maƙwabci rami. Ya ce, "Malam, me na yi?" Na ce ya tambayi zuciyarsa. Ya rantse har da hawaye. Na ce hawayen ma na sayarwa ne, kamar sauran kayan shagon. Yanzu sai na hau mota zuwa bakin kasuwa nake sayen maganina, amma gara haka.

Mutuniyar ba ta cin abinci. Ki rubuto mata ko layi biyu ne. A irin wannan rana ɗa uwarsa yake nema.

Kawu

*

Malamar asibiti,

Direba ya iso yau, motar duk laka. Ya ba ni wasiƙarki, gefenta da tabon ruwa. Na duba ranar da kika rubuta ta. Na karanta a tsaye, sai na ga gara in zauna.

Ashe wutar daga cikin gida ta tashi.

Na bincika. Surukin Likitanki bai leƙa komai ba, don ba shi da mabuɗin ɗakin takardu. Ya tambayi mai mabuɗin. Mai mabuɗin ya tambayi dalili. Kafin la'asar maganar tana teburin shugabar sashe. Asirin da ya shiga baki uku ai ya zama shela.

Na ci mutuncin maƙwabcina a gaban jama'a saboda ke. Yaron da ya taimake ni don Allah yana zaune a gida saboda ke.

Kwamiti zai zauna farkon mako. Ban faɗa mata ba. Ba don kin ce ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba.

Kawu

*

Kawu,

Wasiƙunka biyu tare suka zo, na fara buɗe ta biyun. Ina fatan jininka bai hau ba. Don Allah ko kana fushi da ni kada ka bar magani.

Ba ni da abin kare kaina. Na shiga ofishin Likita na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba. Ya ce shi ma bai san haka za ta kasance ba. Na nemi hutu, an ce sai an sami mai canjina, kuma ba wanda zai zo sai an gyara gada. Ina nan kamar kaza a akurki, ina ɗaura wa mutane ruwa hankalina yana wajenku.

Ka ce ina tsoron ta kuɓuce mini. Ai ta riga ta kuɓuce, Kawu. Tana tsakiyar sakandare na fara aikin nesa. Duk hutun da na zo sai in tarar da wata doguwa mai kunyata, ta gaishe ni ta shige ɗaki. Yarinyar da na sani ita ce mai kuka a kan littafi. Wannan mai tamanin da takwas ɗin ban taɓa zama da ita ba. Da aka ce mini ga ta, sai na ga kamar an yi mini musanya.

Mai Kemis zan rubuta masa da hannuna. Dogo ma haka, in zai karɓa.

Amma Kawu, ka yi haƙuri da ni sau ɗaya tak. Zuciyata ta ƙi kwanciya. In akwai wani abu, komai ƙanƙantarsa, ko tambaya ɗaya ce ya taɓa nuna mata, ka sa ta faɗa da bakinta kafin su gano. Mai faɗa da kansa ana sassauta masa. Na san wannan layin zai ƙara ɓata maka rai. Na goge shi na sake rubutawa, na kasa barinsa.

Kuma ina roƙonka, kada ta san ni ce. In na zo ni zan faɗa mata.

'Yarka

*

'Yata,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta zo bayan an gama komai, saboda haka layin da kika kasa bari bai sami aikin yi ba. Ga yadda aka yi.

Na raka ta. Ba a bar ni na shiga ba, aka ba ni benci a baranda. Ƙofar ɗakin tana da ɗan gilashi a sama, in na miƙe ina hango bayanta da allon. Malamai uku ne, shugabar sashe a tsakiya, wata 'yar tsamurmurar mata mai tabarau a goshi. Suka ajiye takardar jarrabawarta a gefe, suka ba ta sabuwar tambaya, suka miƙa mata alli.

Ta daɗe a tsaye ba ta rubuta komai ba. Gwiwata ta ce in zauna, na ƙi. Sai ta fara. Ta cika rabin allo, ta tsaya, ta ja baya ta kalla, ta sa tafin hannu ta goge layi huɗu. Na ce shi ke nan. Ashe kuskure ta gani. Ta sake bi ta wata hanya. Ɗaya malamin, mai gemu, ya taso ya nuna wani wuri da biro. Ban ji me ya ce ba, na dai ga ta girgiza kai, ta rubuta wani abu a gefe ta ja masa layi. Ya tsaya yana kallo, ya koma ya zauna. Suka ƙara mata wata tambayar, suka ƙara wata. Da ta fito, mayafinta da goshinta duk alli.

Aka kira mu ofishin shugabar. Ta ɗaga murya saboda ni. Ta ce makin lissafi na yarinya ne, ba wanda ya ba ta. Ta ce Dogo tun farkon zango ya shaida wa wanda ke raba aikin dubawa cewa yana koya wa wata ɗaliba a gida, aka cire rukuninsu daga hannunsa. Takardarta ko ganinta bai yi ba. Ni ban san wannan ba. Da na sani da ban cika miki baki ba.

Na ce, "To, ranki ya daɗe, sai maganar ɗakin gwaji."

Ta ce, "Baba, an rufe. An riga an fitar da sunaye."

Na ce ai ba laifin yarinya ba ne, riƙe ta aka yi. Ta ce ta sani, kuma abin ya dame ta, amma in ta buɗe wa mutum ɗaya sai ta buɗe wa kowa. Saba'in saba'in ne. Abin da za ta iya shi ne ta bar ta ta maimaita darasin gwajin, baɗi ta sake nema.

Har mun miƙe, sai ta dubi mutuniyar ta ce, "Ki gaya wa mahaifiyarki ta kwantar da hankalinta. Nan gaba in tana da shakka ta zo wurina kai tsaye, ba sai ta bi ta bayan gida ba."

Mutuniyar ta ce, "Mahaifiyata?"

Matar ta dube ni, ta gane ta yi ɓaranɓarama, amma magana zarar bunu ce.

Muka hau mota muka dawo unguwa. Da muka sauka mutuniyar ta riƙe mini hannu muka tsallaka titi, ta kai ni har ƙofar kemis ta tsaya. Na gane nufinta. Na shiga na ba mutumin haƙuri da ƙarfi yadda na zage shi da ƙarfi. Ya ce ya yafe. Ɗansa ya sami shiga ajin, da guminsa, na yi masa barka. Dogo an mayar da shi aiki, matarsa ta sauka lafiya, mace. Na je barka. Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce, "Malam, zuwa gida kam a yafe mini." Ban ga laifinsa ba.

Ni na huce, tsufa ba ya riƙe fushi da nisa. Sauran tsakaninki da ita ne. Ta ce za ta sa tata takardar a cikin ambulan ɗin nan. Ban karanta ba.

Kawu

*

Mama,

Ina gaishe ki, ya aiki, ya ruwa? Ina fatan zazzaɓin ya lafa a wajenku. Ni lafiyata ƙalau, na koma cin abinci. Kawu ma lafiya, ni nake ƙirga masa ƙwayoyinsa yanzu, don na kama shi yana tsallake na rana.

Na fara wasiƙar nan sau da yawa ina yagawa. Wasu sun yi zafi, wasu sun yi ƙarya. Wannan ita ce ta tsaya.

Kin tambayi Kawu. Kin tambayi Likita, Likita ya tambayi surukinsa, surukin ya tambayi wani. Ni kaɗai ce ba a tambaya ba. Da kin rubuto kin ce, "Ke, ya aka yi kika ci lissafi?" da na ji zafi kwana ɗaya, sannan in ba ki labari, don na daɗe ina son in ba ki.

A sakandare haddacewa ake sa mu yi. In na ce me ya sa, sai a ce haka yake. Ni kuma abin da ban san dalilinsa ba ba ya zama a kaina, shi ne kukan da kike tunawa. Ranar farko da Malam Dogo ya zo, na ce me ya sa, sai ya miƙo mini alli ya ce, "Nemo mana." Na yi kuskure har na gaji, bai karɓi allin ba. Haka muka yi shekara. Ba wani magani bayan wannan.

Da na ce ba zan nemi a sake duba takardata ba sai da yawunki, ba tsoro nake ji ba. So nake ki sa hannu a cikin abin, ko da kalma ɗaya ce, in ce da Mama aka yi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, kuma bai gama tafiya ba. Na yi asarar shekara guda. In na ga 'yan ajinmu sun nufi ɗakin zaɓaɓɓu sai in canza hanya. Amma na yi rajistar darasin gwajin, kuma wannan karon duk na'urar da aka ba ni sai na gwada lafiyarta a gaban malami kafin in taɓa. Sashen magunguna ba zan je ba. Wannan ba neman izini ba ne, Mama, sanarwa ce, ki yafe mini.

Wasiƙar Malam Dogo ki aiko, ni zan kai masa. Ki sa da 'yar rigar jariri in kin samu.

Kawu ya ce an kusa gama gada. In kin zo, ba na son tsaraba. Rana ɗaya nake so, ke da ni, ba baƙi ba gaishe-gaishe. Zan ɗauko takarda da biro in yi miki tambayar farko da kwamitin suka ba ni, tun daga sama har ƙasa, har da wurin da na yi kuskure na goge. Tana da tsawo, kuma na san ba za ki gane ba. Ki dai zauna har in gama.

'Yarki